Yatsa, kati da rumbu: a ina ake ajiye shaidar ɗan ƙasa?

Ranar 28 ga Agusta, 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da sabon katin shaidar ɗan ƙasa a Abuja. Katin roba ne mai ɗan guntun ƙarfe ruwan zinare a fuskarsa, irin na katin banki, ga kuma tambarin MasterCard a jikinsa, tambarin da ya jawo surutu sosai a lokacin. An ce ayyuka 13 aka cusa a cikinsa, shaida ne kuma katin cire kuɗi ne, sannan za a fara da kati miliyan 13 a matsayin gwaji. Zuwa 2023 NIMC, hukumar da ke rajistar shaidar ɗan ƙasa, ta ba mutum sama da miliyan 100 lambar shaida ta NIN. Amma yau in ka tsayar da mutum goma a tashar mota ka ce kowa ya nuna shaidarsa, abin da galibinsu za su zaro takarda ce, silif ɗin nan da aka buga a shagon kwamfuta aka like shi cikin leda. Mai katin ainihi sai ɗai-ɗai.

Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin halinmu da aka saba, a yi biki a ƙaddamar, sannan abu ya bi ruwa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai abin da ya faru ya fi rashin cika alkawari girma. Ƙasar ta bar tsari ɗaya ta koma wani, daga kati zuwa rumbun bayanai, ba tare da an zauna da jama'a an yi mahawara a kai ba. Bambancin tsarin biyu kuwa yana cikin tambaya ɗaya: a ina ake ajiye zanen yatsanka, kuma a ina ake gwada shi ranar da kake da buƙata?

Kafin a kai ga nan, ya kamata a san abin da na'urar take yi da yatsan. A wajen rajista za a sa ka ɗora yatsu huɗu na hannu ɗaya a kan gilashi, sai huɗu na ɗaya hannun, sai manyan yatsu biyu tare. Na'urar tana ɗaukar hoton zanen, amma ba hoton ake gwadawa da hoto ba. Manhajar tana bin layukan fata ne tana neman wurare iri biyu: inda layi ya tsaya cak, da inda ya rabu gida biyu. Kowane irin wannan wuri tana rubuta matsayinsa da inda ya fuskanta. Yatsa ɗaya kan ba da gomman irin waɗannan alamomi, a tattara su a ɗan ƙaramin lissafi wanda bai kai nauyin hoton waya guda ba ko kusa. Gobe in ka sake ɗora yatsan, ba zai taɓa fitowa daidai da na jiya ba. Ka ɗan karkata shi, ko ka danna da ƙarfi, ko hunturu ya busar da fatar. Don haka na'urar ba ta cewa "shi ne" ko "ba shi ba ne". Maki take bayarwa na yawan kamanni, kuma mutum ne, wani injiniya a wani ofis, ya yanke makin da za a ce ya isa.

Wannan yankan maki shi ne siyasar da ke ɓoye cikin na'urar. In aka tsananta, ɓarawo ba zai wuce ba, amma za a riƙa korar masu gaskiya. In aka sassauta, kowa zai wuce, har da wanda bai kamata ba. Babu inda za a ajiye layin a ce duka kurakuran biyu sun kau. Abin da ake zaɓa shi ne wanda zai ɗauki asarar.

Tambayoyi biyu ake yi wa yatsa, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Ta farko ana yin ta sau ɗaya, ranar rajista: shin mutumin nan ya taɓa yin rajista da wani suna? Don a amsa ta dole a gwada yatsunsa da na kowa da kowa da ke cikin rumbun. Aiki ne mai nauyin gaske. Mu ɗauka, don misali kawai, na'ura tana kuskuren haɗa baƙo da baƙo sau ɗaya cikin miliyan. A kunne wannan ƙwarewa ce. Amma in rumbun yana da mutum miliyan 100, kowane sabon shiga zai fito da kusan mutum 100 da ake zargin shi ne. Shi ya sa ba a tsayawa kan yatsa ɗaya, ake ɗaukar goma, a haɗa da fuska, a Indiya ma har da ƙwayar ido biyu. Wannan tambaya ba ta amsuwa sai da babban rumbu na ƙasa, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan tsarin, domin ita ke kama ma'aikatan bogi da masu karɓar albashi biyu da masu rajistar zaɓe sau uku.

Tambaya ta biyu ita ce ta kullum, a banki, a rumfar zaɓe, a zauren jarrabawa: wanda ke tsaye a gabana, shi ne mai wannan shaidar? Nan yatsa ɗaya ake gwadawa da lissafi ɗaya. Ba ta buƙatar a leƙa rumbun ƙasa sam, in dai lissafin yana hannun mai shi. To a nan kati mai ƙwaƙwalwa ya shigo.

Guntun ƙarfen da ke jikin katin 'yar ƙaramar kwamfuta ce. Ba ta da batir, daga na'urar da aka zura ta take samun wuta. Tana ajiye bayanan mai katin tare da sa hannun hukuma na lissafi, wanda in aka canza ko harafi ɗaya zai nuna an taɓa. A mafi ingancin tsari ma, lissafin yatsan ba ya fita daga cikin katin. Na'urar ce take tura masa abin da ta karanta, shi katin ya gwada a cikinsa, ya amsa da e ko a'a. Ba a buƙatar intanet, kuma babu wani ofis a babban birni da zai san cewa wane ya nuna shaidarsa a asibiti kaza ranar kaza. Malesiya ta fara irin wannan kati, MyKad, tun 2001, tana cikin ƙasashen farko da suka haɗa zanen yatsa da kati mai ƙwaƙwalwa. Ghana ma wannan hanya ta bi da katinta, wanda aka yi wa gagarumar rajista daga 2019.

Mu ma mun ɗanɗana shi, sai dai a hannun INEC. Na'urar tantance katin zaɓe ta 2015, zamanin Farfesa Attahiru Jega, tana karanta katin ne ta gwada yatsan mai zaɓe da abin da ke cikinsa, a ƙauyen da ko sabis ɗin waya babu. Kowa ya tuna yadda ta ƙi karɓar Shugaba Jonathan kansa a Otuoke ranar 28 ga Maris, har sai da aka koma tantance shi da takarda. Wannan takardar ta cike gurbi, wadda aka tanada domin wanda na'ura ta ƙi yatsansa, ita ce kuma aka yi ta ƙorafin ta zama ƙofar maguɗi. BVAS, na'urar da ta maye gurbinta a 2021, sai ta ƙara fuska a kan yatsa, in wannan ya ƙi a gwada wancan.

Me ya sa to ba a tsaya kan kati ba? Kuɗi ne da farko. Lamba kyauta ake ƙirƙirarta, kati kuwa sai an saya da kuɗin waje, an buga, an kai shi jiha, an nemo mai shi, wanda wataƙila ya bar garin tun bara. In ya ɓace a sake. Sannan kati mai ƙwaƙwalwa ba shi da wani amfani in ba na'urar karanta shi. Ɗan sandan da ke kan hanya ba shi da ita, akawun asibiti ba shi da ita, sai su juya katin su kalli hoto su kalli fuskarka, kamar dai yadda za su yi wa silif na takarda. An biya kuɗin kwamfuta, an yi aiki da roba. Kuma katin ma ba ma'asumi ba ne. A 2017 an gano wata kafa a lissafin tsaron ƙwaƙwalwar katin Estoniya, ƙasar da ake buga misali da ita a wannan fanni, abin da ya shafi kati kusan 750,000, sai da aka dakatar da aikinsu na intanet aka gyara.

Indiya ce ta nuna wa duniya ɗaya hanyar. Ta kafa hukumar shirin Aadhaar a 2009 ƙarƙashin Nandan Nilekani, ta ba da lamba ta farko a Satumban 2010, kuma tun farko ta ce ba za ta buga kati mai ƙwaƙwalwa ba. Lamba ce kawai mai alƙaluma 12, jikinka shi ne katin. Duk inda ka je za ka faɗi lambar ka ɗora yatsa, a tura ta intanet zuwa rumbu, amsa ta dawo. Da wannan sauƙin ta yi wa mutum sama da biliyan 1.3 rajista. Nijeriya ta bi wannan sawu a aikace. NIMC, wadda dokar 2007 ta kafa, ta koma nanata cewa lambar NIN mai alƙaluma 11 ita ce shaida, ba katin ba. Rajistar ta yi ta tafiyar hawainiya har Disamban 2020, lokacin da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta ce a haɗa kowane layin waya da NIN ko a rufe shi. Nan take ofisoshin hukumar suka cika maƙil, ana tsakiyar annobar korona. A Afrilun 2022 aka toshe kira daga layuka sama da miliyan 72. JAMB ma ta sa NIN ya zama sharaɗi daga 2021. Abin da wa'azi bai yi ba cikin shekara takwas, tsoron rasa layi ya yi shi cikin biyu.

Ba na cikin masu cewa wannan zaɓi kuskure ne daga tushe. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wadda ta kasa raba kati miliyan 13, da ta nace sai kati da har yanzu ana nan ana jira. Amma zaɓin yana da farashi, kuma ba wanda ya zaɓa ne yake biya ba.

Farashin farko yana kan wanda yatsansa ba ya karantuwa. Ku lura da abin da ke faruwa a teburin rajista ko wajen mai POS. Tsohuwa ta ɗora yatsa, fitila ta yi ja. Ma'aikacin ya ce, "Mama, goga shi a goshinki," don ya ɗan sami maiƙo. Ta goga, ta sake. Ya ɗora hannunsa kan nata ya danna. A goge gilashin da gefen riga, a canza yatsa, a gwada na hagu. Layi yana ta tsawo a baya, ana ta tsaki. Ba laifinta ba ne, ba kuma tsautsayi ba ne. Tsufa yana sa fata ta yi laushi zanen ya dushe. Siminti yana cinye zanen birkila, fartanya tana shafe na manomi, sabulu da toka suna lalata na mai wankau. Ga waɗanda kuturta ta ɗauke wa yatsu gaba ɗaya. Ga lalle, wanda har JAMB ta fito ta gargaɗi ɗalibai mata a kansa. Ma'ana waɗanda na'urar ta fi ƙi su ne masu cin abinci da hannunsu, su ne kuma suka fi dogara da tallafin da aka ɗaure da lambar. A Indiya an ga ƙarshen wannan a jihar Jharkhand, inda aka yi ta samun rahotannin iyalai da aka hana rabon hatsin gwamnati saboda katin rabonsu bai haɗu da Aadhaar ba ko yatsa ya ƙi. A 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da shirin, amma ta soke tilasta haɗa shi da asusun banki da layin waya. Abin da kotunsu ta hana, shi ne mu muka mayar ginshiƙin namu.

A kan wannan sai a ƙara matsalar da tsarin rumbu ya zo da ita shi kaɗai. Yatsanka lafiya lau, lambarka daidai, amma "ba netwok". Da kati a aljihu, shaidarka tana tare da kai. Da rumbu, shaidarka tana Abuja, kuma ranar da injin can ya tsaya, bankuna da shagunan layin waya da ofisoshin fasfo duk sukan tsaya tare da shi.

Akwai kuma wani ruɗu da ya kamata a warware. Yatsa ba ya san sunanka. Bai san ranar da aka haife ka ba, bai san ƙasarka ba. Abin da kawai yake tabbatarwa shi ne kai ne wanda ya zo ranar rajista ya faɗi kaza. In abin da aka rubuta ranar ƙarya ne, na'urar za ta riƙe ƙaryar gam, ta riƙa ba ta shaida har abada. In kuskure ne na mai bugawa, wanda ya mayar da Muhammad ya koma Mohammed, ko ya ba ka 1 ga Janairu don ba ka zo da takardar haihuwa ba, to kuskuren ya zama kai. Sai ranar da aka zo haɗa NIN da BVN, wanda Babban Banki ya fito da shi a 2014 da nasa rumbun yatsun daban, a ce bayanai ba su dace ba. Gyaran ranar haihuwa kaɗai ya daɗe yana cin Naira 15,000 kafin a ƙara. A yankin da haihuwa da yawa a gida ake yi ba a rubuta ba, tun ran gini tun ran zane: rajistar haihuwa ce tushen, ita kuwa ba ta da walƙiyar da za a kira 'yan jarida a ƙaddamar.

Batun ƙasa ya fi wannan zafi. Tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, dangi ɗaya ne iyaka ta raba, harshe ɗaya, sunaye ɗaya. Babu na'urar da za ta duba zanen yatsa ta ce wannan na Nijeriya ne wancan na Nijar. Ma'aikacin da ke kan tebur ne yake yankewa, da takardar mai unguwa ko da yadda ya ji a ransa. Dokar NIMC ma ta tanadi lambar ga baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, don haka NIN ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. A Ghana mazauna zango da Fulani sun sha kokawa cewa sunansu kaɗai kan sa a tsare su da tambayar asali wajen rajista. A Kenya 'yan ƙabilar Nubiya suna cikin waɗanda suka kai shirin lambar shaida na ƙasar, Huduma Namba, kotu kan irin wannan dalili. Wariyar da aka yi a bakin tebur, rumbu yakan mayar da ita ta dindindin, ya lulluɓe ta da rigar kimiyya. Wannan ba sabon abu ba ne ma: gwagwarmayar bijire wa doka cikin lumana ta farko da Gandhi ya jagoranta a Afirka ta Kudu, a 1906, kan dokar tilasta wa Indiyawa rajista da dangwala yatsu ce.

Sai maganar da aka fi tsoro, satar bayanai. Lambar sirri in ta fita sai a canza ta, yatsu kuwa goma ne, ba a sake su. A 2015 an kutsa rumbun hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka aka kwashi zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Tun 2002 wani malamin jami'a a Japan, Tsutomu Matsumoto, ya nuna ana iya ruɗin na'urori da yawa da yatsan roba da aka haɗa a ɗaki, kuma 'yan damfara a Indiya sun yi amfani da irin dabarar, suna kwafo dangwalen mutane daga takardun filaye suna cire musu kuɗi. Amma a nan gida ɓarakar da aka gani ba ta buƙaci gwanin kutse ba. A 2024 an fallasa wasu shafukan intanet, irin su XpressVerify da AnyVerify, da ke sayar da bayanan NIN na duk wanda ka so a kan Naira 100 zuwa 200. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Ai ba sai an fasa ba. Tsarin da ya dogara da tambayar rumbu dole ya buɗe ƙofofi ga bankuna da kamfanonin waya da wakilai, su kuma wakilan suna da nasu wakilan. Kowace ƙofa da aka buɗe don sauƙin tantancewa, ta nan bayanai ke iya zurarewa. Dokar kare bayanan jama'a kuwa sai a Yunin 2023 aka sa mata hannu, bayan an riga an tara na mutum miliyan 100.

Ingila ta taɓa kallon wannan lissafi ta ja da baya. Ta yi dokar katin shaida a 2006, sabuwar gwamnati ta soke ta a 2010, a farkon 2011 aka niƙe faya-fayan da rumbun ke ciki. Ba na ganin wannan hanya a buɗe take gare mu. Su suna da rajistar haihuwa da adireshi da fasfo da suka wadatar, mu kuwa miliyoyin mutane NIN ce takarda ta farko da gwamnati ta taɓa rubuta sunansu a ciki. Mun kuma ga abin da sakaci ke haifarwa tun wani yunƙuri na baya, kwangilar Dala miliyan 214 da aka ba kamfanin SAGEM na Faransa a 2001, wadda ta ƙare da gurfanar da tsofaffin ministoci bisa zargin cin hanci, aka kuma koma aka fara rajista daga tushe.

A 2024 NIMC ta sake sanar da sabon kati, wannan karon da tsarin biyan kuɗi na cikin gida, AfriGo, a karɓa ta bankuna, mai so kuma ya biya. Abin da zan duba a kansa ba yawan ayyukan da aka lissafa ba ne, an lissafa 13 a baya. Zan duba ko lissafin yatsan yana cikin katin kuma a cikinsa ake gwadawa, ko kuwa roba ce kawai mai ɗauke da lambar da za a sake tura wa Abuja. Zan duba wa zai sayi na'urorin karantawa ya kai su asibitin ƙauye da wurin rabon taki. Sannan zan nemi a nuna mini, a rubuce, abin da aka umarci ma'aikaci ya yi in tsoho ya ɗora yatsunsa goma duk suka ƙi, da kuma ofishin da zai kai ƙara in an kore shi.